"AN YI AN GAMA" DA "ANA CIKIN YI" A HARSHEN TURANCI

Jawabin da aka gabatar wa malamai da ɗaliban ajin dare na ƙungiya a Sabo, Ibadan





Kwamitin ilmi ne ya nemi in ce wani abu a kan darasi guda na Turanci wanda malamai suka ce shi ke kayar da ɗalibanmu, manya da yara, wato darasin ba da labarin abin da ya wuce. A littattafan makaranta za ku ga an raba shi biyu, ana kiran ɗaya simple past, ɗayan kuma past continuous. Ni dai don sauƙin baki zan kira na farko "an yi an gama", na biyu kuma "ana cikin yi". Ɗan kasuwa ne ni, karatuna na Islamiyya ne, ba gyara wa malamai aiki na zo yi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma na san daidai inda wannan darasi yake yi wa Bahaushe yoyo.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar ta wuce ta jarrabawa kawai. A ce motar albasa ta iso daga Aliero, an sauke, sai aka ƙirga buhu biyar babu. Magana ta kai caji ofis, aka ce dillali ya ba da bayani, ɗan sanda yana rubutawa da Turanci. To ga jimla biyu, ku saurara da kyau. Ta farko: "When the owner came, we offloaded the onions." Ta biyu: "When the owner came, we were offloading the onions." Wanda bai san darasin nan ba zai ce ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Ta farko tana cewa sai da mai kaya ya iso sannan muka sauke, a kan idonsa aka yi komai. Ta biyu tana cewa ya zo ya tarar muna cikin saukewa, wato mun riga mun taɓa kayan mutum kafin ya iso. Idan ta biyu aka rubuta kuma dillali ya dangwala yatsa, to buhu biyar ɗin nan sun hau wuyansa, da bakinsa kuma ya ɗora wa kansa.

Haka 'yan'uwanmu na kara a Akinyele. "The cow died" na nufin saniya ta mutu, ta zama mushe, asara ta tabbata. "The cow was dying" na nufin tana magagin mutuwa ne, maganar ba ta faɗi ƙarshenta ba. Mai yiwuwa an samu an sa mata wuƙa, mai yiwuwa ma ta miƙe. Kowa a nan ya san tazarar da ke tsakanin yankakkiya da mushe a wajen kuɗi. Haka kuma "I paid him" da "I was paying him". Na farko bashi ya fita. Na biyu kuwa ana cikin biya ne wani abu ya gitta, kuma alƙali zai tambaye ka, to ka gama biyan ko ba ka gama ba?

Abin da nake so malamai su riƙe shi ne, wannan bambanci ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kullum muna yin sa ba tare da mun sani ba. "Na ƙirga kuɗi" daban, "Ina ƙirga kuɗi sai aka ɗauke wuta" daban. Yaro ɗan shekara biyar ba zai haɗa su ba. Duk mai ba da labari a bakin shago da haka yake jan hankalin mutane: muna zaune, ana hira, kowa na harkarsa, sai ga mota ta kwaso a guje. Wannan "muna" da "ana" su ne shimfiɗa, "sai" kuma ita ke kawo abin da ya faɗo a kan shimfiɗar. To Turanci ma haka yake yi: "I was counting money when the light went off." Saboda haka ba sabon tunani za a cusa wa ɗalibi ba, riga ce kawai za a canja wa tunanin da yake da shi.

To ina matsalar take? Matsalar tana cikin kalmar "ina" ɗin nan tamu. A Hausa ba ta canjawa. Yanzu ina tafiya, jiya ina tafiya, bara ina tafiya, duk "ina" ce. Kalmar jiya ko bara ko yanayin hira su ke nuna lokaci. Malaman Hausa na boko suna kiransa lokaci mai ci, kuma lalle mai ci ne, ko yaushe ka ajiye shi zai ci. Bature kuwa bai yarda da haka ba. In yanzu ne sai ka ce "I am going", in jiya ne dole ka ce "I was going", ko da ka riga ka ambaci jiya. Shi ya sa ɗalibi zai rubuta "Yesterday I am counting money", malam ya ja masa jan biro ya ce ba ya ja. Ba rashin ja ba ne, malam. Hausarsa ce yake yi da kalmomin Turanci, kuma a Hausa bai yi kuskure ba.

Mu da ke zaune a kudu ma abin ya fi yi mana nauyi, domin 'ya'yanmu harshe uku suke tashi da shi kafin su shiga aji, kuma duka ukun gefe guda suke ja. Bayerabe zai ce "Mo ń lọ sí ọjà", ina tafiya kasuwa, ko yau ne ko jiya wannan "ń" ɗin ba ta motsawa. Turancin buroka na titi shi ma "I dey go market" ne, sai ka ji an ce "Yesterday I dey go market, na im I see am." Akwai "bin dey" a buroka, amma sau da yawa ba a damuwa da ita. Ka ga ke nan yaron Sabo da Hausa da Yarbanci da buroka duk sun gaya masa cewa ba sai ya canja komai ba, malami ɗaya ne a cikin minti arba'in yake gaya masa ya canja. Wa kuke ganin zai rinjaya in ba a yi dabara ba?

Dabarar da na gani tana aiki ga manya, musamman waɗanda suka zauna gaban malam a zaure, ita ce a bi ta Larabci. Duk wanda ya karanta Ajurumiya, ɗan littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, ya san an kasa fi'ili uku, madi da mudari'i da amri. "Kataba" ya rubuta, an yi an gama. "Yaktubu" yana rubutu. To in Balarabe yana so ya ce jiya yana cikin rubutu, me yake yi? Sai ya kawo "kana" ya ajiye a gaba, ya ce "kana yaktubu". Jama'a, wannan "kana" ita ce "was" ta Bature, babu ragi babu ƙari. "Kana yaktubu", "he was writing". Ita "kana" ta ɗauki lokaci, shi fi'ilin ya ɗauki ci gaban aiki. Dattijon da ya yi wata uku yana kokawa da allon malamin Turanci, in ka gaya masa haka cikin minti biyu zai ce maka, af, ashe wannan ce. Ina roƙon malamanmu na boko da ba su yi nahawu ba su zauna da malaman Islamiyya ko sau ɗaya a kan wannan, ba faɗuwa ba ce.

Ginin "ana cikin yi" ba shi da wahala in an gane wannan. Was ko were, sannan aikatau da wutsiyar ing. I, he, she da it suna ɗaukar was. We, they da you suna ɗaukar were, ko da mutum ɗaya kake yi wa magana "you were" za ka ce. Iyakarsa ke nan, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Wanda ya fi cin rai shi ne "an yi an gama", ga shi kuwa shi ake kira mai sauƙi. An ce a liƙa ed a ƙarshen kalma, shi ke nan. To amma bakin Bahaushe ba ya tara baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma. Ku dubi yadda muka karɓi kalmominsu: burodi, buroshi, bokiti, filanki, duk sai da muka zuba musu wasula suka zauna a bakinmu. Saboda haka in an ce mu faɗi packed, wadda Bature ke faɗa kamar "pakt", ɗayan biyu muke yi: ko mu haɗiye wutsiyar mu ce "pak", ko mu ja ta mu ce "pakid". Wanda ya haɗiye a baki kuwa zai haɗiye a takarda, sai ka ga "Yesterday I pack the load". Ya kamata malam ya nuna wa ɗalibai cewa wannan ed sauti uku gare ta. Akwai inda take fita kamar t, irin packed da washed da stopped. Akwai inda take fita kamar d, irin opened da called. Ba a jin "id" sosai sai in kalmar da t ko d ta ƙare, irin counted da loaded da wanted. A sa su faɗa da ƙarfi, a maimaita kamar yadda ake bitar karatu, har wutsiyar ta riƙa fita. Darasin baki ne wannan kafin ya zama na biro.

Sannan ga 'yan tawaye, kalmomin da ba su bin dokar ed sam. Sun kai wajen ɗari biyu a Turanci. Abin haushi kuma kusan duk kalmomin ciniki a cikinsu suke: buy ta koma bought, sell ta koma sold, pay paid, bring brought, send sent, lend lent, take took, give gave, lose lost, steal stole, ita cost ma ko gezau ba ta yi. Ɗalibai kan yi gunaguni su ce wannan wane irin harshe ne mara ƙa'ida. Sai in ce musu ku yi haƙuri, ku tambayi Bayeraben da ke koyon Hausa yadda ya ji da aka ce masa jam'in doki dawaki, jam'in akuya awaki, jam'in sa kuma shanu. Wace ƙa'ida ce ta kai sa zuwa shanu? Haddacewa muka yi tun muna goye. Waɗannan ma hadda suke so, kuma in dai hadda ce ai ba a gaya mana. Sai dai ina da ja a kan yadda ake bayarwa. A ɗauko jerin da ke bayan littafi a fara daga arise da awake saboda su ne a farkon abacada, wannan ɓata lokacin mai neman abinci ne. Yaushe rabon da wani a nan ya buƙaci arise? A fara da ashirin ɗin da mutum ke ci da su a Bodija, biyar a kowane mako, kowace a cikin jimlar abin da ya faru da shi jiya.

Akwai kuma maganar did. In za a yi tambaya ko a kore magana, did ce ke ɗaukar lokaci, aikatau ya koma yadda yake tun asali. "I sold", amma "I did not sell", "Did you sell?" Masu cewa "I did not sold" sun biya la'ada sau biyu a kan kaya ɗaya. Ku gaya wa ɗan kasuwa haka, ba zai sake ba.

Wani ramin da ban cika jin malamai suna ambata ba shi ne na kalmomin da ba su son ing. Mu muna cewa ina da kuɗi, ina so, ina bin sa bashi, duk da "ina". To da ɗalibi ya koyi cewa "ina" ta jiya ita ce was da ing, sai murna ta kama shi ya shiga rabawa ko'ina: "I was having money", "I was wanting to go", "I was knowing him". A Turancin littafi mallaka da so da sani da fahimta ba ayyuka ba ne da ake cikin yi, hali ne da mutum yake ciki, don haka sai "I had money", "I wanted to go", "I knew him". "He was owing me" kuwa duk Nijeriya ana faɗa, kowa zai gane ka a kasuwa, amma a takardar jarrabawa "he owed me" ta fi aminci. Ta ɗaya gefen kuma muna cewa na sani, na gane, da siffar abin da ya wuce alhali yanzu muke nufi. Kada ɗalibi ya juya "na san shi" zuwa "I knew him", domin mai saurare zai ɗauka dā ne ka san shi, yanzu kun rabu ko ya rasu. Haka abin da mutum ya saba yi a dā, irin "lokacin nan nakan je Shagamu sayen goro duk mako", wannan "I used to go" ne ko "I went every week".

Yanzu ga yadda nake ganin ya kamata a shiga aji da shi. Kada a fara da rubuta ta'arifi a allo a ce a kwafa. Mutum ya wuni a tsaye a rana, ya zo bayan isha'i da gajiya, in ka haɗa shi da ta'arifi barci zai yi, kuma yana da gaskiya. A samo igiya a shimfiɗa a ƙasa, a samo dutse. Igiya ita ce aikin da ake cikin yi, dutse shi ne abin da ya faɗo a kai. Ɗalibi ya fara faɗa da Hausa, ina cin abinci sai baƙo ya yi sallama, ya nuna igiya ya jefa dutse. Sannan a juya tare: "I was eating when the visitor came." A nan ne za a nuna masa when da while, cewa while ta fi son igiya, when kuma ta fi son dutse. In igiya biyu ce a jere, "While I was loading, he was writing the receipt." In duwatsu ne a jere babu igiya, "He came, he paid, he left." Na san akwai makarantun da ke hana yin harshen gida a aji har da tara. A wasu darussa suna da hujjarsu, amma a wannan darasi hana Hausa kamar a hana mai gini tsani ne.

Sannan a nemi labarin da kowa ke da rabo a ciki. Daren 16 ga Janairu 2024 da abin nan ya fashe a tsohuwar Bodija, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, babu wanda ke garin nan da ya manta abin da yake yi sa'ad da ƙarar ta zo. Ka tambayi aji, "What were you doing when you heard the sound?" Mutum ashirin, amsa ashirin, kuma kowa zai dage sai ya faɗi tasa daidai domin tasa ce. Ga samari kuma da dattawan da suka taɓa zama samari, akwai wasan Atlanta na 1996. Barazil tana gaba da ci 3 da 1, muka rama, Kanu ya zura biyu, aka tashi 4 da 3. "Brazil were leading" gaskiya ce. "Nigeria won" ita ma gaskiya ce. Babu misalin da ya fi wannan nuna cewa "ana cikin yi" ba ya gaya maka yadda aka ƙare.

Iyaye, ku ma kuna da aiki ko ba ku jin Turanci. A jarrabawar WAEC ana sa yaro ya rubuta insha'i na kalma wajen 450, kuma sau da yawa akwai zaɓin ba da labari, wanda daga farkonsa har ƙarshensa a kan waɗannan biyun yake tafiya. Ba kuma a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. In yaro ya dawo, ki ce ya ba ki labarin abin da ya faru a makaranta da Hausa, sannan ya maimaita da Turanci. Ke dai ki kasa kunne: duk inda ya ce "muna" ko "yana" a labarin Hausa, ya kamata ki ji was ko were a na Turanci. In ba ki ji ba, ki ce ya sake.

Na ƙarshe, shawara ce ga kwamiti. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin tafinta kyauta a kotu in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Dokar tarayya ta 2015 a kan gudanar da shari'ar laifuka ita ma ta ce in wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya karanta masa bayaninsa har ya fahimta kafin ya sa hannu. Amma duk mun san a aikace takardar da aka rubuta ran farko ita ke bin mutum har gaban majistare. Don haka ina ba da shawara a ware dare ɗaya a kowane wata a yi gwaji a aji: ɗalibi ɗaya ya zama mai rubuta bayani, ɗaya mai ba da bayani, a ƙirƙiri ƙaramar rigima ta kaya ko ta bashi, a rubuta, a karanta wa aji, su kuma su kama inda aka sa "we were offloading" a gurbin "we offloaded". Malamin aji na biyu ya ce in kwamiti ya amince zai fara ranar Laraba mai zuwa, ana buƙatar littafin rubutu mai shafi arba'in ga kowane ɗalibi, da igiya kamu uku.

A nan zan dakata, na ga ladan ya miƙe.